Muryar da ke Cikin Bangon Gidan Dutse

Ranar da Saoudatou ta fara ganin Laouali, yana tsaye ne a tsakar Gidan Dutse da igiyar awo a hannu, ya ɗaga kai yana kallon tagogin sama, abin da ba wanda ke yi a unguwar Zongo.

Wani ɗan kasuwar manja daga Sikotlan ne ya gina gidan, da duwatsun da jiragen ruwa suka kawo, don ya yi kama da gidan mahaifinsa. Bangon yana da kauri, tagogin ƙanana, rufin ya yi tsini, gefensa hawa-hawa kamar matakala, ga bututun hayaƙi sun miƙe sama a garin da bai san sanyi ba. A bayan gidan akwai barga da rumbu da hasumiyar tattabaru. Tun da mai gidan ya mutu ba wanda ya kwana a bene, kuma tattabarun ba sa sauka a kan rufin. A cikin bargar nan mahaifin Saoudatou, Alhaji Gado, ke ajiye ragunan sayarwa, ita ke kai musu dusa.

"Malam, ba a kallon tagogin nan," in ji ta.

"Saboda me?"

"Saboda kada a kalle ka daga ciki."

Ya yi murmushi, ya ce shi mai zanen gine-gine ne, kwamitin juyin juya hali ya aiko shi daga ofis ya auna gidan, za a mai da shi makarantar yaƙi da jahilci. Ta sunkuyar da kai ta wuce, amma murmushin ya bi ta har gida.

Wata rana tana cikin tsohon ɗakin girki na ƙasa, inda ake jibge buhunan dusa, gari ya shiga mata hanci ta yi atishawa, ta ce, "Alhamdu lillahi."

Daga cikin baƙin murhun da ke jikin bango wata murya ta amsa, a hankali, "Yarhamukillah."

Ƙwaryar ɗibar dusa ta suɓuce daga hannunta. Ta fara Ayatul Kursiyyu.

"Kada ki tsorata, ni ne, Laouali. Ina bene. Murhun nan da naki bututunsu ɗaya, shi ya kawo mini muryarki."

"Ka kusa kashe ni, Malam mai zane."

"Da na kashe kaina ke nan, Sauda."

Daga ranar, murhun ya zama wurin zancensu, ba ido ba kunya. Yana ba ta labarin matakalar da ke nannaɗe kamar dodon koɗi, da ɗakin da aka toshe ƙofarsa da dutse, tana ba shi labarin ragon da ya fi kowa faɗa. Wani lokaci iskar teku takan shiga bututun ta ja wani dogon numfashi a tsakaninsu, sai su yi shiru har ta wuce.

"Ba zan dawwama ina hira da bango ba," ta ce masa wata rana. "Gidanmu yana da ƙofa."

"Kawuna Adamou zai zo da goro, in Allah ya so."

Amma Kassoum, mai sayar da atamfa a kasuwar Missèbo, wanda ya daɗe yana nemanta, ya lura da yadda take daɗewa a gidan. Ya laɓaɓo ya hau matakala da azahar. Ya tarar da Laouali durƙushe shi kaɗai a ɗaki wayam, kansa cikin murhu, muryar mace na fitowa daga dutse tana dariya. Kassoum ya sauko a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin la'asar duk Zongo ta ji cewa aljanar Gidan Dutse ta auri kamarad mai zane, kamar yadda ake kiran ma'aikatan kwamitin.

Da Kawu Adamou ya zo, Alhaji Gado bai taɓa goron ba. "Ba na ba da 'yata ga wanda aka riga aka aura daga ɓoye," ya ce. "Ga Kassoum nan, mun san shi."

Saoudatou ta ji komai daga bayan labule. Idan ta yi shiru, za ta rasa Laouali, sunanta ya tsira. Idan ta yi magana, za a ce 'yar Alhaji tana zance a ɓoye. Ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, sannan ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, muryar nan tawa ce."

Ya dube ta. "Uwata, kin san abin da kike faɗa? Ko aljanar ce ke magana da bakinki?"

"Ka hau bene ka saurara, Baba."

Washegari da hantsi Alhaji ya hau matakalar da bai taɓa hawa ba, liman a gabansa, Laouali a bayansa. Ɗakin sanyi ƙalau, yana warin tsohon toka. Suka tsaya gaban murhun. Da farko iska ce kawai ke kai da komo. Sai aka ji muryar Saoudatou daga ɗakin ƙasa, "Assalamu alaikum. Baba, ka bar carbinka a kan buhun dusa."

Alhaji ya laluba aljihu, babu carbi. Liman ya kasa riƙe dariya.

"Aljana ba ta yin sallama irin wannan, Alhaji. Laifinsu ɗaya, sun bi ta murhu alhali ga ƙofa. Maganinsa a ɗaura aure."

Alhaji ya juyo ga Laouali. "Kamarad, a gaya wa kawunka ya dawo da goronsa. Kuma daga yau, in kana da magana, a zaure."

An ɗaura auren ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Da aka kai amarya, aka watse, Laouali ya zauna nesa kaɗan yana kallonta.

"Sauda, ba zan manta ranar jajiberen Sallah ba, da kika ce mini ta murhu, 'Na yarda da kai, kada ka bar gidan nan.'"

Ta ɗago a hankali. "Ranar jajibere ina unguwar Zogbo, wajen Goggo Hamsatou. Kwana na yi."

Ta nemi tsari da Allah, ta tofa a tafin hannunta ta shafa masa a ka.

"Gobe ka nemi a sauya maka wurin aiki," ta ce. "Ba za ka sake hawa benen nan ba. Sauran maganar kuma, ga ta daga bakina, kana ganin fuskata: na yarda da kai."

"Allah ya bar mu tare, amaryata."

"Amin. Ya tsare mu daga abin da muke gani da wanda ba ma gani."