Tsagar da ke Haƙorin Alhaji Seydou

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu saurara, Kaka!

To, a bayan babban masallacin Agadas akwai butik ɗin Alhaji Seydou, mai sayar da haƙoran kifi waɗanda suka zama dutse. Ku daina dariya, dajin nan namu teku ne a dā, manyan kifaye masu haƙora kamar wuƙa suka zauna cikinsa. Alhaji yana da guda ɗaya mai cika tafin hannu, ba ya sayarwa. Da shi yake gwada duk haƙorin da aka kawo, kafin ya yanke masa daraja.

Ranar da ƴarsa Souwaiba ta kai abinci, Alhaji ba ya nan, sai Illo, saurayin da ke gyara masa karyayyun haƙora. Ya ɗago, ta duba, gefen mayafinta ya ja haƙorin nan. Ƙwas! Ya rabu biyu.

"Na shiga uku, Baba zai kashe ni!"

"Share hawayenki," in ji Illo. "Ba ki zo ba, ban gan ki ba."

Ya haɗa shi da kol, wato gam, amma tsinin ya ɓata. Sai ya kwaɓa kol da garin dutse ya yi wani, ido ba ya rabewa. Ita kuwa da ta koma gida ta tsinci tsinin cikin kwandon abinci. Tsoro ya sa ta ƙulle shi a bakin zane ta yi shiru.

Daga nan fa mesaji ya kankama tsakaninsu a waya. Illo yana kiranta Lemun Timiya, garin nan mai lemu mai zaƙi.

"Lemun Timiya, yau ban ga kwandon abinci ba, aiki ya ƙi hannuna."

"Maƙaryaci, yunwa ce ba so ba. Gobe zan zo, Haskena."

Amma akwai Bashar, ɗan wan babanta, wanda ya daɗe yana sonta, kuma ya san sana'ar, har ya yi zargin an taɓa haƙorin nan. Ranar da baffannin Illo suka zo neman aure, ana shan shayi, Souwaiba na laɓe bayan labule, sai Bashar ya sa allura cikin garwashi.

"Baffa, a kawo babban haƙorin nan mu gani."

Dutse ba ya jin wuta, kol kuwa narkewa yake. Allura ta taɓa tsinin, ta nutse. Hayaƙi ya tashi, wari ya cika zaure.

Alhaji ya dubi Illo. "Aikinka ne?"

"Ni na gyara, Alhaji."

"Wa ya karya?"

Illo ya sunkuyar da kai.

"Ya cire na gaske ya sayar," in ji Bashar.

"Wanda ya ɓoye mini tsaga a dutse," Alhaji ya ce a hankali, "me zai ɓoye mini in ƴata tana gidansa? Ku ɗauki goronku."

Baffanni suka fara neman takalma. Souwaiba ta miƙe a bayan labule. Budurwa ba ta shiga zauren maza ranar neman aurenta, amma ta ɗaga labulen, ta durƙusa, ta kwance bakin zane.

"Baba, ga tsinin. Mayafina ya kayar da shi. Ni ce Illo ya rufa wa asiri."

Alhaji ya kankare kol ɗin da wuƙa, ya ɗora tsinin. Ya zauna daram. Shayi ya tafasa ya zube ba wanda ya kula.

"Illo, ka mayar da shi, amma ka bar tsagar a fili, kowa ya gani. Haka za ka zauna da ita da ni, ba ɓoye-ɓoye." Ya juya ga baffannin. "Ku ajiye takalman nan. Allah ya yi musu albarka."

Bayan Sallar Layya aka ɗaura aure. Bashar ya koma Dirku da kasuwancinsa, can ya yi aure. Illo da Souwaiba suna riƙe da butik, da ƴarsu Maimuna. Alhaji ya tsufa, har yau da haƙorin nan mai tsaga yake gwada sauran.