Zambon Zuhura a Kan Kibod

Zuhura na tsakar gida tana baza shinkafar da suka turara a kan tabarma, amma hankalinta duk yana zaure. Ranar ce manyan Jamaluddeen suka zo daga Geza neman aurenta. Mahaifiyarta, Inna Jummai, ta leƙo daga madafa ta ce mata ta nutsu, maganar maza ba a gama ta a tsaye.

Sun daɗe suna son juna. Jamaluddeen yana aikin haɗa kiɗa a wani ƙaramin sitidiyo a Segbana, can ƙetaren iyakar Benin, ita kuwa Allah ya ba ta murya, ba a bikin ƙawa a Bagudo ba ta tsara wa amarya baiti ba. Kwanan baya ya kawo mata tsarabar wani ƙaramin kibod na hannu, irin wanda ake haɗawa da kwamfuta, ya ce idan ya samu sarari zai koya mata. Aibinsa ɗaya a idon gidansu: mahaifinsa, Baba Bunyaminu, makaɗin kalangu ne.

Tun rasuwar mahaifinsu, yayanta Abdulganiyu ke riƙe da gidan, baffanni ma abin da ya ce shi suke bi. Muryarsa ce ta fara tashi daga zaure. Ya ce gidansu gidan asali ne, ba su taɓa haɗa jini da maroƙa ba, ya tura wa baƙin goronsu da ƙafa. Bai tsaya nan ba. Ya faɗo cikin gida, ya shige ɗakin Zuhura, ya fito da kibod ɗin, ya wurga shi ƙofar gida a gaban Baba Bunyaminu.

"Ga gangar ɗanka nan, ka tafi mishi da ita!"

Baba Bunyaminu ya duƙa ya tattara goronsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tafi. Zuhura ta ga komai ta kafar ƙyaure. Ba ta yi kuka ba. Ta jira hankali ya ɗauke, ta fita ta ɗauko kibod ɗin, madannai biyu na gefe sun karye, ta naɗe shi cikin zani ta kai gidan ƙawarta Barira, wadda mijinta ya sa musu wutar sola. A hanya ta yi wa kanta alkawari: yadda Yaya ya kunyata tsohon nan a bainar jama'a, sai ta sa shi ya kasa ɗaga kai a garin Bagudo.

Ta kuma san inda za ta taɓa. A bara Abdulganiyu ya taɓa shiga safarar fetur ta ɓarauniyar hanya wajen Tsamiya. Jami'an kan iyaka suka ritsa su, ya watsar da jarkoki da babur, ya tsere cikin daji har takalmansa suka zube. Ya iso gida ba takalmi, Inna ta yini tana cire masa ƙaya a ƙafa. Daga nan ya bar sana'ar, kuma ba wanda ya san labarin sai 'yan gida. Ga shi yanzu an sa ranar aurensa da Surayya, ɗiyar Alhaji Namadi na Bahindi, mutumin da ba ya son jin ko ƙanshin abin kunya.

Da ta kira Jamaluddeen, shi haƙuri ya yi ta ba ta, yana cewa babansa ya hana shi ko da ɗaga murya. Ta ce ta ji, ita dai ya koya mata kibod ɗin ta waya ko ta rage zafin zuciya. Ya yi murna, ya zaci waƙar aurensu take tanadi.

Tana da tsohuwar laftof tun zamanta na kwaleji, da manhajar haɗa kiɗa da shi ya saka mata. Ranar farko ta jona kibod ɗin da wayar cajin wayarta. Fitila ta kama, ta danna, shiru. Ta ce masa Yaya ya kashe shi.

Jamaluddeen ya yi dariya. Ya ce irin wannan kibod na midi ba shi da sautin kansa, saƙo kawai yake aika wa kwamfuta cewa an danna nan, da ƙarfi kaza, kwamfutar ce ke fitar da sauti. Ya ce kuma wayar cajin nan wuta kawai take kaiwa, ta nemo USB mai ɗaukar saƙo, irin ta na'urar buga takardu. Barira ta samo mata a shagon masu gyaran waya.

Washegari ya bi da ita daki-daki. Ta buɗe setin manhajar, ta shiga wajen midi, ta ga sunan kibod ɗin ya fito a jerin abubuwan shigarwa, ta kunna shi. Ta buɗe sabon layin naɗar sauti, ta ɗora masa fiyano, ta danna jan maɓallin da ke sa layin ya saurari kibod. Da ta taɓa madanni sautin ya cika ɗakin, har Barira ta yi guɗa. Sai dai sautin yana makara: ta danna, sai can ya biyo baya kamar amsa-kuwwa. Ya sa ta sauke direban sauti, wata 'yar manhaja mai sarrafa sauti a kwamfuta, ya nuna mata inda ake rage bofa, wato ɗan jinkirin da kwamfuta ke yi kafin ta saki sauti. Ta rage da yawa, sautin ya koma ƙarar soya gyaɗa. Ya ce ta ɗan ƙara har ya tsaya daidai, babu makara babu ƙara.

"Kai, har kin fi ni saurin ganewa," in ji shi. "Bari in turo miki abu mai daraja."

Abin da ya turo sautin kalangun mahaifinsa ne, bugu-bugu, wanda ya naɗa da hannunsa. Ya koya mata yadda za ta ɗora kowane bugu a kan maɓallan roba da ke saman kibod ɗin, ta riƙa bugawa da yatsa, da yadda za ta kunna ma'aunin lokaci, manhajar ta daidaita mata duk bugun da ya goce. Ranar Zuhura ta ɗan ji nauyin abin da take shirin yi, amma da ta tuna tsohon nan a duƙe yana tsintar goro, sai zuciyarta ta sake bushewa.

Kullum da hantsi tana gidan Barira da sunan koyon ɗinki. Ta shimfiɗa fiyano, ta ɗora kalangu, ta naɗi muryarta da makirfon waya, ta sauke ta ƙasa a manhaja har ta koma ta ƙaton namiji. Amshin waƙar ya zauna daram:

"Mai tutiya da asali, ina ka baro takalmi?
Jarka ta fashe a Tsamiya, gwani ya ranta a na kare."

Ba ta kama suna ba, amma ta siffanta tafiyarsa, da jan baburinsa, da unguwarsu. Barira ta ji, dariya ta kama ta, daga baya jikinta ya yi sanyi. Ta ce ta goge, jini ba wasa ba ne. Zuhura ta ce ranar da aka wurga kibod ɗin jinin yana ina?

Ana saura kwanaki kaɗan biki ta sa sabon layin waya ta tura waƙar zauren hirar waya na 'yan kabu-kabun Bagudo. Kafin kasuwa ta sake ci, tana tashi a shagunan caji da teburan masu shayi. Yara na bin Abdulganiyu a baya suna tambayar juna ina takalmi. Ya daina zama majalisa, abinci ma sai dai a mayar. Zuhura na kallonsa tana jin daɗi har cikin ƙashinta. Da saƙo ya zo daga Bahindi cewa Alhaji Namadi ya ɗage auren har sai abin da hali ya yi, sai ta shiga ɗaki ta yi murmushi ita kaɗai.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne hannun Baba Bunyaminu ba ya ɓuya. Duk wanda ya taɓa zuwa biki daga Geza zuwa Sharabi ya san wannan bugun. Gari ya ɗauka cewa tsohon da ɗansa ne suka rama. Abdulganiyu ya kwashi abokansa suka tafi Geza, suka fito da kalangan tsohon ƙofar gida, suka farke fatunsu da wuƙa, tsohon yana rantsuwa bai san komai ba. Masu gayyatarsa biki suka fara janyewa, kowa na tsoron bakinsa.

Da yamma Jamaluddeen ya kira. Muryarsa ba ta tashi ba, shi ya fi ƙona ta.

"Zuhura, na ji waƙar. Na san fiyanon, ni na koya miki shi. Mi babana ya yi miki?"

Ta ce domin su ta yi, domin a san su ma mutane ne.

"Wulaƙancin da yayanki ya yi mishi na yini guda ne, ya shanye. Wanga naki ya raba shi da sana'arsa da sunansa. Ba zan tona ki ba. Amma kada ki sake kirana."

Ta zauna da wayar a hannu. Ko a lokacin wani ɓangare na zuciyarta yana cewa ai Yaya ne ya fara. Washegari Surayya ta zo gidan a ɓoye, idanunta sun kumbura, ta faɗa jikin Zuhura tana kuka tana cewa ita me ta yi wa makaɗan Geza da za su rushe mata aure? Zuhura ta riƙe ta. Bayan tafiyarta ta je gidan Barira ta ɗauko laftof da kibod, ta ajiye su a tsakar gida gaban Inna da Abdulganiyu. Ta buɗe waƙar, ta mayar da muryar yadda take. Muryarta ce ta fito tsaf, tana tambayar takalmi.

Abdulganiyu ya miƙe da hannu a sama, Inna ta shiga tsakani. Hawaye na zuba mata, ta ce shi ya zubar da mutuncin dattijo, ita ta zubar da na gidansu, to su faɗa mata wanne ne a cikinsu ya yi nasara. Abdulganiyu ya sauke hannunsa. Ya zauna a kan turmi ya dafe kai, don ya tuna fatun da ya farke a kan laifin da tsohon bai yi ba.

Labari ya kai Geza. Mutane suka ce wa Baba Bunyaminu ya kai ƙara wajen hakimi, ya ƙi. Maimakon haka ya sa Jamaluddeen ya dawo, ya ɗauke shi a babur suka tafi Bahindi. Tsohon ne ya yi kiɗa a bikin Alhaji Namadi tun suna samari, don haka aka ba shi tabarma. Ya ce Abdulganiyu ya yi kuskure a bara kuma ya tuba ya bari, waƙar kuwa faɗan 'yan gida ɗaya ce, bai kamata Surayya ta biya bashin da ba ta ci ba. Alhaji Namadi ya dube shi ya ce, mutumin da aka yi wa abin da aka yi maka ya zo yana roƙa wa wanda ya cuce shi? Ya mayar da ranar aure.

Abdulganiyu ya je Geza da ƙafarsa, ya durƙusa a ƙofar gidan da ya yi ɓarna, ya nemi gafara. Shi ya nemo sababbin fatu, shi kuma ya tara baffanni ya ce ya ba Jamaluddeen ƙanwarsa, in har yana so. Jamaluddeen bai amsa nan take ba. Sai da damina ta wuce, Zuhura ta je ta durƙusa gaban mahaifinsa ita ma, tsohon ya ce ɗiyarsa ce, ya yafe, sannan ɗan ya sauko.

An ɗaura aure, an kai amarya Geza. Zuhura ta goge waƙar daga laftof, amma ba ta da ikon goge ta daga wayoyin mutane. Har yau wani lokaci tana tashi a teburin mai shayi, Abdulganiyu ya sunkuyar da kai ya wuce, in Zuhura ta ji labari ta yini ba walwala. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ramuwa ta ba Zuhura daɗin 'yan kwanaki, ta bar mata tabon da za ta daɗe tana gani. Wanda ya haɗa auren nan biyu kuwa shi ne tsohon da aka cuta sau biyu bai rama ko ɗaya ba.