Sabar da Aka Share da Magariba

Dab da magariba Kamaldeen ya ɗauko 'yarsa Firdaus daga Islamiyya. Maimakon ya wuce gida, sai ya biya shagonsa na gyaran kwamfuta a zangon Yendi. Aikin minti goma ne, in ji shi. Alhaji Mutaru na Salaga, mai motocin kai doya Bawku, yana da saba a gajimare, wato kwamfutar haya da ke can wata ƙasa, ba ka isa gare ta sai ta intanet. Shekara uku ba wanda ya leƙa ta. Yanzu Alhaji yana so a share komai, a mayar da ita yadda take ranar farko.

Baba Hudu tela yana alwala a ƙofar shagonsa, ya ji bayanin, ya ɗago kai.

"Shekara uku ba kowa? Ɗana, ko ɗaki ne ba a rushe shi haka. Ka yi sallama, ka ba waɗanda suka tare a ciki kwana uku su kwashe yaransu. Kai ma ga taka a hannu."

"Baba, inji ne fa," in ji Kamaldeen yana dariya.

Shi irin mutanen nan ne da karatu ya shiga kansu, ya tura sauran kayan waje. Ya zaunar da Firdaus a benci. Shekararta shida, bakinta ba ya hutawa. Tana ta biya haddarta tana kaɗa ƙafa.

Ya shiga sabar. Ya kamata a ce fayil na ƙarshe ya shekara uku. Amma ga sababbi birjik, ba suna, kullum ɗaya, kullum da faɗuwar rana. Ya buɗe na jiya, ashe sauti ne aka naɗa.

Sautin daka. Tarin tsoho. Wata mata tana lallashin jariri.

Sai wani wari ya cika shagon, irin na tsohuwar rijiya.

Girman kai ya hana shi tashi. Ya ba da umarnin sharewa. Allon ya gargaɗe shi: komai zai tafi, kuma ba a dawo da shi. Ya danna. Allon ya sake tambayarsa. Ladan yana ɗaga murya, ya sake dannawa, ko bismilla bai yi ba.

Kashi goma cikin ɗari ya tafi.

Dakan ya tsaya. Ya kai hannu ya kashe lasifika.

Kashi arba'in. Lasifikar da ya kashe da hannunsa ta yi huci, muryar mace ta fito ƙasa-ƙasa.

"Dakata. Ɗana yana ciki."

Ya nemi wurin fasawa. Babu. Ya fizge waya daga bango, ya rufe kwamfutar, alhali ya fi kowa sanin aikin ba a shagonsa ake yin sa ba.

Ihu ya tashi, na mutane da yawa. Ya katse.

Fanka ta tsaya. Wani sanyi ya taso daga ƙasa ya kama masa ƙafafu. Numfashin matar a bayan kunnensa.

"Ka mayar da nawa ranar farko."

Sai a lokacin ya lura ba ya jin haddar Firdaus.

Ya sure ta, ya bangaje ƙofa, ya faɗa kan butar Baba Hudu. Jikin yarinyar ya saki, wuyanta yana lilo. Ta buɗe baki, ta tsala kuka siriri, irin wanda ya ji sau ɗaya tak, a ɗakin haihuwa.

An kai ta asibiti, an kai ta wurin malamai har Salaga. Lafiyarta ƙalau, babu dai komai a ƙwaƙwalwarta: ba suna, ba tafiya, ba harafi ɗaya.

Kamaldeen ya rufe shago. Baƙin ciki ya cinye shi, ya rame kamar mai jinya. Uwar Firdaus ta faro tarbiyya daga tushe, da kunu a cokali, da tatata. Bayan wata tara yarinyar ta ce "Mma", gidan ya kaure da kukan murna.

Shi kuwa, duk ranar da ya miƙa hannu zai ɗauke ta, sai ta ƙanƙame uwarta tana ƙyuya, don ba ta san shi ba.