Ranar da Gari Ya Sa Shuɗi

Guduma ta sauka a kan gilashin shagon gwal ɗin Hajiya Masniah da ƙarfe biyar saura kwata. Daga tsallaken titi, cikin shagonta na wanki da guga, Haeda ta ji ƙarar har cikin haƙoranta.

"Kowa ya kwanta! Hajiya, ɗora hannunki inda zan gan shi."

Muryar Daeng Rewa ce. Su uku ne a ciki, fuskokinsu a rufe da hular kwano, dukkansu cikin kayan aikin kamfanin gas masu ruwan goro, irin waɗanda riga da wando ke haɗe. Mai bindigar Rewa ne. Mai gudumar Jumadi, yaronsa. Siririn da ke riƙe da bakin buhu kuwa Sapri ne, mijinta, uban 'yarta Tenri.

Ita ta wanke kayan nan. Ita ta miƙa musu da hantsin ranar.

Shekara shida da suka wuce babu ko titin a Tanjung Laru, nan babanta ke shanya kifi. Da aka haƙo gas aka cike fadamar da ƙasa. Shagon gwal ɗaya ya zama tara, ga masu sayar da waya, ga masu babura, ga katafaren kanti mai hawa uku da aka buɗe makon jiya. Haeda ma ta samu nata rabon, kwangilar wanke kayan ma'aikata. Rewa, ɗan wan mahaifin Sapri, wanda suke kira Daeng, wato Yaya, walda ya yi lokacin da ake gina masana'antar. Ranar da aka gama gini aka sallame su, shi da Sapri da wasu ɗaruruwa.

Ta ƙofar baya Rewa ya shigo shagonta da safen ranar, Tenri na wasa da murfin kwalba a ƙasa.

"Maman Tenri, kasuwa ta buɗe miki. Har injin busarwa biyu. Mu da muka kafa ƙarafan can ko ƙofar ba a bari mu leƙa. Kayan kamfani nake so, guda uku."

"Na mutane ne, Daeng. Amana ce."

"To ai mu ma mutane ne." Ya sunkuya ya ɗauki yarinyar. "Yau Tenri za ta je kallon kifi a jirgin ruwan Ambo Sakka. Ko ba haka ba, 'yar baba? Biyar da rabi uwarki ta zo kwata, inda jirage ke tsayawa, ta ɗauke ki. In bakinta ya zauna lafiya."

Haeda ta dubi Sapri. Shi kuwa ƙasa yake kallo. Da hannunsa ya sa wa yarinyar takalmi, da hannunsa ya miƙa ta ga Ambo Sakka, tsohon da ke jira a bakin ƙofa.

Ta shiga ɗakin ciki ɗauko kaya. Bangon falanki ne, ana jin komai. Jumadi ne ya yi ƙasa da murya.

"Oga, da gaske za a mayar da yarinyar?"

"Kai dalla. 'Yan sandan ruwa ba sa harbin jirgi mai ɗauke da jaririya. Sai mun taka tsibirin Sulawesi, daga can ma ga abin yi."

"Sapri ya sani?"

"Sapri ya san riƙe buhu, ya ishe shi."

Haeda ta juya ga kayan. A gabanta kaya iri biyu ne. A buhuna, tsofaffin masu ruwan goro da aka tattara ranar Asabar za a mayar. A kwali ɗaya, ragowar sababbin, shuɗɗa, da ta goge. Daga yau, ɗaya ga wata, kamfani ya ce kowa ya sa shuɗi. Ma'aikata sun shige tun da asuba, 'yan fashin na barci. Dabararsu kuwa duk a kan abu ɗaya ta rataya: ƙarfe biyar a tashi daga aiki, dubban babura su cika titi, su uku su narke a ciki.

In sun riga ta isa kwata, ta rabu da Tenri ke nan. Ta ɗebo masu ruwan goro guda uku, ta lulluɓe kwalin da zanen gadon wani otal.

A wannan ɗakin suka yini, wayarta na aljihun Rewa. Jumadi a kan kwalin ya zauna ya ci shinkafarsa, yana kaɗa ƙafa. Sau biyu Sapri ya zo ya tsaya kusa da teburin guga kamar zai yi magana. Sau biyu ta buɗe baki ta sake rufewa.

Yanzu ga su can a tsallake. Wata mata na kururuwa. Pak Tukiman maigadi, wanda kullum yake ajiye wa Tenri alewa a aljihu, ya taso da ɗan kulkinsa.

"Haba 'ya'yana, ku ji tsoron Allah—"

Harbi ɗaya. Tsohon ya zauna a kan dandamali kamar wanda ya gaji.

Haeda ba ta tsaya ganin sauran ba. Ta fita ta baya, ta haye babur ɗin kai wa mutane kaya. Makullin ya faɗi. Ta ɗauka. Ya sake faɗi. A karo na uku injin ya tashi, daidai lokacin da jiniyar tashi daga aiki ta karaɗe gari.

Abin da ya faru a mahaɗar sabon kanti ba ta gani ba, amma daga baya kowa a garin ya ba da labarinsa.

Sufeto Harjono na wurin da mutanensa saboda cunkoson masu sayayya, sai rediyonsa ya yi magana.

"Fashi a layin masu gwal, an harbi mutum. Su uku ne, babur biyu, kayan kamfani."

"Kayan kamfani? Mutum dubu huɗu ke fitowa yanzu da kayan kamfani. Wa zan kama?"

"Ruwan goro suka ce, yallaɓai."

Sufeton ya ajiye rediyon. Ya haye bayan motarsu ya miƙe tsaye. Titin ya cika maƙil daga ƙofar masana'anta har gada, shuɗi tsantsa kamar an kwararo teku. A tsakiya, ɗigo uku masu ruwan goro.

Jumadi ne ya fara lura. Ya waiga dama, ya waiga hagu.

"Oga... oga, duba mutane."

"Ja mu tafi!"

"Ina za ni? Gaba a toshe, baya a toshe!"

Wani ma'aikaci ya nuna su da yatsa. Wani ya sa ƙafa ya ture babur ɗin Jumadi, aka rufe shi da hulunan kwano. Rewa na zaune bayan Sapri, ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Matarka ce."

"Wallahi Daeng, ban san—"

"Na san ba ka sani ba. Yaushe ka taɓa sanin wani abu?"

Rewa ya ɗora wa Sapri bindiga a cinya ya danna. Ya hankaɗe shi ƙasa gaban 'yan sandan da ke kutsowa, jama'a suka dare saboda ƙarar, shi kuma ya karkata babur ɗin ya faɗa lungun 'yan kifi da buhu a ƙirjinsa.

A lokacin Haeda ta kai unguwar kan ruwa, inda gidaje ke tsaye a kan turaku, hanya kuma katako ce zalla. Ruwa ya janye, warin taɓo ya taso. A can ƙarshen kwata jirgin Ambo Sakka ke lilo, ɗaure da igiya ɗaya. Tenri na zaune a cikinsa da soyayyar ayaba a hannu. Tsohon na kusa da ita, adda a kan cinyarsa.

"Mama," in ji yarinyar, ta ɗaga ayabar ta nuna mata.

"Ambo, Daeng Rewa ya ce in karɓe ta. Shiri ya canza."

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

"To ya zo ya faɗa da bakinsa. Lokaci bai yi ba, 'yata. Koma ki zauna."

Ta durƙusa a bakin katakon. Tsakaninta da 'yarta bai fi tsawon mutum ba. Da ta yi tsalle za ta kai, amma addar ta fi ta kusa.

"Ambo, ka san babana. Tare kuka yi kamun kifi."

"Na san shi. Ya mutu bai bar komai ba, ni ma haka zan mutu in na saurare ki."

"To saurari wancan."

Jiniyar 'yan sanda ce, ba ɗaya ba, ba biyu ba, daga wajen gada. Tsohon ya karkata kai.

"Yau duk garin nan shuɗi aka sa," ta ce. "Su kuma ruwan goro na ba su. Makaho ma zai nuna su. Sun kashe Pak Tukiman. Waɗanda za su iso nan 'yan sanda ne, su same ka da 'yar mutane da adda a hannu. Shekarunka nawa, Ambo? A kurkuku kake so a yi maka wankan gawa?"

Wayar tsohon ta yi ƙara. Ya kara a kunne, amma har inda take tana jin ihun Rewa.

"Tada inji! Riƙe yarinyar da kyau, ga ni nan!"

"Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai. Tada inji na ce!"

Ambo Sakka ya kashe wayar. Ya dubi ruwa, ya dubi gari. Sannan ya kama Tenri ta hammata ya miƙo ta sama kamar ƙunshin kaya.

"Ɗauki abinki. Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

Ya sare igiyar da addar ya ja injin.

Ta rungume yarinyar ta juya, sai ta ji katakon hanya na rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Kwarakwaf, kwarakwaf, babur ne a guje. Hanyar ɗaya ce, babu ta biyu. Ƙofofin gidajen duk an rufe tun da aka ji jiniya. Ta hango tsanin da mata ke sauka wanke tukwane. Ta bi shi da hannu ɗaya, ta zurma cikin taɓo har gwiwa, ta kutsa ƙarƙashin katakon inda duhu yake, ta manne da wani turke mai kaifin bawon kawa.

Babur ɗin ya tsaya daidai kanta.

"Sakka! Dawo nan, tsohon banza!"

Harbi biyu a kan ruwa. Ƙarar jirgin ta ci gaba da nisa. Tenri ta zabura, ayabar ta faɗi, bakinta ya buɗe, ta ja dogon numfashin da ke zuwa kafin kuka. Wata biyu ke nan da Haeda ta yaye ta. Ta ɗage rigarta ta cusa mata nono. Babu komai a ciki, amma yarinyar ta kama, idanunta a buɗe.

Takalmi ya taka a hankali a sama. Ta tsakanin katakai Haeda na ganin ƙafar wandon, da layin gugar da ita ta yi masa.

"Maman Tenri." Muryar ta yi laushi. "Ga babur ɗinki nan, na san kina kusa. Fito mu yi magana irin ta 'yan'uwa. Mijinki na can yana zubar da jini, sunanki yake kira."

Ta cije leɓe har ta ji gishiri. Ƙaguwa ta hau ƙafarta, ba ta motsa ba.

"Ba zan taɓa ki ba. Aron yarinyar kawai zan yi, in wuce gada."

Ya tsaya. Ya durƙusa. Ya ajiye hular kwanon a kan katako, inuwar kansa ta rufe tsagar da haske ke shigowa. Tenri ta saki nonon ta ɗaga kai.

"Ajiye bindigar! Kwanta!"

Takun mutane da yawa. Rewa ya miƙe, ya yi harbi ɗaya, aka mayar masa da biyar. Wani abu mai nauyi ya faɗi a kanta, katakon ya girgiza, wani ɗumi ya fara ɗigowa ta tsagar yana sauka a kafaɗarta. Ta juya bayanta don kada ya taɓa yarinyar. Ba ta fito ba sai da wata 'yar sanda ta sauko cikin taɓon ta kama hannunta.

Washegari aka binne Pak Tukiman. Jumadi ya kwana uku bai farfaɗo ba, ya cika. An kama Ambo Sakka a wani tsibiri, mai ya ƙare masa. An mayar wa Hajiya Masniah gwal ɗinta, kafin sati ya zagayo ta sa sabon gilashi. Haeda ta yi kwanaki tana amsa tambayoyi kafin a sake ta, kamfani kuma ya janye kwangilarsa. Mai sayar da waya ne a shagonta yanzu.

Sau ɗaya ta je asibiti. Sapri na kwance da ankwa a hannu ɗaure da gado, bargo ya lotsa inda ƙafarsa ta hagu take a da.

"Kin sani tun da safe," ya ce.

"Na sani."

"Kalma ɗaya, Haeda. Yini guda ina tsaye kusa da ke."

"Da na faɗa maka da ya gani a fuskarka. Ba ka taɓa iya ɓoye masa komai ba."

"Na zaci biyar da rabi za a dawo da ita. Wallahi haka na zata."

"Na yarda."

Ya juya kai wajen bango. Can ya ce, "Tana tambayata?"

"Tana tambaya."

"Za ki kawo min ita?"

Haeda ta gyara mayafinta ta ɗauki jakarta. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya matsa ya ba ta hanya.

"Ranar da ta yi wayon da za ta ce za ta ko ba za ta ba, zan tambaye ta," ta ce. "Kafin nan ba na miƙa ta ga kowa."