Jinkirin Kwana Biyu

"Ga shi a rubuce! Mahaifarki ba ta karɓa!"

Surukata ta dangwarar da takardar asibitin a kan tebur, ta ɗora biro a gefe.

Shekara shida ina sunkuyar mata da kai, ranar dai wuyana ya ƙi lanƙwasuwa.

"Umma, wa ya ɗauko wannan daga durowata?"

'Yar ƙanwarta ta kau da ido. Ita ce mai sayar da magani a kemis, wadda ke kallon mijina tun kafin aurenmu. Don tana iya karanta kwalin magani, ta mai da kanta likita.

"Ni na fassara," ta ce. "Sau biyu ana dasa miki ƙwai yana zubewa. Me ya rage?"

"Ɗaya ya rage a asibiti. Da kuma kwanan watan da kika tsallake a takardar!"

Na ɗaga takardar.

"Likita ta ɗan kankari bangon mahaifata ta auna. Ƙwayoyin gadona lafiya lau suke. Akwai wasu 'yan alamomi a kansu masu kunna su da kashe su, don bangon ya yi laushi ya riƙe ƙwai. Nawa sai sun makara da kwana biyu suke kunnuwa. Ranar da aka auna ce bai shirya ba, Umma, ba har abada ba."

"Surutu!" Umma ta tura wa ɗanta biron. "Rubuta mata takardarta."

Mijina mai gyaran wutar lantarki ne, magana sai an ciro ta daga bakinsa. Ya ɗauki biron.

Na juya gare shi.

"Masoyi," na ce, "in za ka rubuta, kalle ni ka rubuta. Ba zan roƙe ka ba."

Ya kalle ni. Ya miƙe, ya wuce mu duka, ya tsaya gaban kalandar bango inda muka zagaye ranar da za a yi dashen ƙarshe. Ya soke ta, ya ƙirga kwana biyu gaba da yatsa, ya zagaye.

"Umma, ki yi haƙuri. Ban taɓa sa an rushe gida don makunni ya yi jinkiri ba. Ko da ma bai kunnu ba, nan nake zama."

Sai a lokacin na fashe da kuka, har da majina, a gaban mai kemis ɗin kuwa.

Umma ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwata. Ban fasa gaishe ta ba, ban kuma fasa ɗaga kaina ba.

Wata tara bayan dashen, ranar da likita ta sa mini ta haihuwa ta zo ta wuce shiru. Ta biyu ma haka. A ta uku na haihu, Umma ta shigo ɗakin asibiti tana haki, ta karɓi jaririyar, ta daɗe tana kallon ta.

"Kwana biyu cif," ta ce. "Taurin kan uwarki kika kwaso."

Ta share ido da gefen mayafi, ba ta kalle ni ba.

"'Yata... kin ci wani abu?"