Lugude a Hanyar Wurogauri

Mako uku ke nan Jidda tana koyon ƙidaya bugun kiɗa da kunne tana rubutawa. Ranar Talata da almuru, tana komawa Kalgo daga Wurogauri, ta ji lugude a bayan wata gonar gero. Ta ciro littafinta ta rubuta: taɓarya uku, tafi ɗaya.

Da ta leƙa, tsohuwa ɗaya ce a bakin turmi.

"Sannu da aiki, Inna."

"Ke ɗiyar wa ta, da za ki ƙidaya muna hannuwa? Yaga takardar, ko ki bar kunnuwanki nan."

Jidda za ta ba da haƙuri ke nan, sai ta lura hannuwan tsohuwar a harɗe suke a ƙirji, turmin kuwa bai daina amsawa ba.