Raken 'Yan Biyu

A wani gari an yi wata mai ƙosai da 'yan biyunta mata, kamarsu ɗaya. Haƙorin babbar yana ciwo, amma tsoron likita take ji. Ranar zuwa asibiti, uwa na fama da kasko da goyo, sai babbar ta tura ƙaramar a madadinta.

Likita ya ce, "Haƙoran nan garau suke."

Uwa ta ji abin da likita ya ce, ta gano dabarar. Ta sayo rake, ta ba kowacce gaɓa guda. Ƙaramar ta hau ci. Babbar sai jujjuya nata take yi.

"Ci mana, 'yata. Ai likita ya ce garau suke."

Ta gatsa. Sai ihu!

Da kanta ta ɗauko takalmi. "Inna, likitan bai tashi ba ko?"